Yadda Ake Tsara Ɗakin Ji da Gani a Makaranta Domin Yara Masu Buƙata ta Musamman

A harshenmu kalmar ji tana ɗauke da kaya masu yawa, domin da ita ake jin sauti, da ita ake jin ƙamshi da ɗanɗano, da ita kuma ake jin zafi da sanyi da laushi da kaushi, gani ne kaɗai ya tsaya da nasa sunan. Saboda haka za mu kira ɗakin da wannan jagora take magana a kansa ɗakin ji da gani, wato wurin da makaranta take keɓewa inda ake iya ƙara ko rage haske da sauti da motsi da abin taɓawa gwargwadon abin da jikin yaro zai iya ɗauka. Akwai yaron da ƙugin doguwar fitilar aji, wanda sauran ɗalibai ba su ma san da shi ba, yake hana shi jin muryar malami har sai ya toshe kunnuwansa da tafin hannu ya kifa kai a kan benci. Akwai kuma wanda ba ya samun natsuwa sai ya yi tsalle, ko ya bangaji bango da kafaɗa, ko ya tauna wuyan rigarsa har ya jiƙe. Na farko akan ce masa mai taurin kai, na biyu mai ƙiriniya, alhali kuwa kowannensu ƙoƙari yake yi ya daidaita saƙonnin da suke isa ƙwaƙwalwarsa, waɗanda suka yi wa ɗaya yawa suka yi wa ɗaya kaɗan.

Wannan aiki yana da tushe biyu, kuma rashin bambance su shi ne mafarin kurakurai da dama. A ƙasar Holan, cikin shekarun 1970, Jan Hulsegge da Ad Verheul suka fara shirya wa masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani wurare masu taushin haske da sauti a cibiyar De Hartenberg, aka raɗa wa tsarin suna Snoezelen daga kalmomi biyu na harshen ƙasar, ɗaya mai nufin shinshina, ɗaya mai nufin gyangyaɗi. A wannan tsari ba a ɗora wa yaro wani aiki, shi ne yake zaɓa, babba yana biye da shi. A Amurka kuwa, A. Jean Ayres, ƙwararriya a fannin horar da masu lalura kan ayyukan yau da kullum, ta gina nata tsarin tun daga shekarun 1960, wanda ya dogara ga lilo da hawa da ja da turi, kuma wanda aka horar a kansa ne kaɗai ya kamata ya gudanar da shi. Wajibi ne kuma a faɗa wa iyaye gaskiya tun daga farko: a shekarar 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa hujjojin bincike a kan amfanin irin waɗannan hanyoyi ba su da yawa kuma ba su kai ga yanke hukunci ba. Ɗakin ba ya warkar da lalura. Abin da ake fata daga gare shi shi ne yaro ya natsu, ya mai da hankali, ya yi mu'amala da wani, sa'an nan ya koma aji yana iya koyo.

Mataki na farko: a san yaran kafin a sayi komai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da jerin kayan da 'yan kasuwa suke tallatawa, a cika ɗaki da fitilu masu launi, daga baya a shiga neman yaran da za a saka a ciki. Ya kamata a juya al'amarin. A ɗauki makonni biyu zuwa huɗu ana lura da kowane yaro a aji da filin wasa da lokacin tashi, ana rubuta abin da ya faru kafin ya rikice, da abin da ya yi, da abin da ya kwantar da shi. A zauna da iyaye, domin uwa ta san ko ɗanta yana kuka idan an yanke masa farce, ko yana ƙin riga mai kaushi, ko ba ya jin ciwo idan ya faɗi, kuma waɗannan bayanai sun fi duk wani kundin talla daraja. Inda akwai ƙwararre a fannin ayyukan yau da kullum, ko likitan gashin ƙashi, ko mai koyar da magana, a shigo da su tun a wannan mataki.

Lura ba za ta tsaya ga kafofin nan biyar da kowa ya sani ba. A can cikin kunne akwai sashen da yake sanar da jiki ko yana tsaye ko ya karkata ko yana juyawa. Tsokoki da mahaɗan ƙashi suna aika saƙon inda hannu da ƙafa suke da irin ƙarfin da aka sa. Cikin jiki kuma yana sanar da yunwa da ƙishirwa da matsuwar fitsari. Winnie Dunn, wadda ta fitar da tsarinta a shekarar 1997, ta kasa yadda mutane suke karɓar waɗannan saƙonni gida huɗu: mai nema, mai gudu, mai saurin ji wanda komai ƙanƙantar abu sai ya ɗauke masa hankali, da mai jinkirin ji wanda sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Yaro ɗaya yana iya zama mai gudun sauti amma mai neman motsi, don haka ba a rubuta wa yaro suna guda a wuce. Wannan ya fi bayyana ga yara masu otizim, lalurar da wasu suke kira galahanga, har ma tun shekarar 2013 kundin tantance lalurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin fannin a Amurka ya sanya wuce gona da iri ko gazawa wajen jin waɗannan saƙonni cikin alamominta. Amma ɗakin yana yi wa wasu da dama aiki: masu raunin gani ko ji, masu shanyewar gaɓoɓi, da masu wahalar tsayar da hankali.

A wannan mataki ne kuma ake tattara bayanin lafiya a rubuce, da amincewar iyaye: wane ne yake da farfaɗiya, wane ne yake da asma, wa aka sa wa bututun zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa, wa jikinsa ba ya jituwa da roba, wa yake kai komai baki.

Mataki na biyu: a tsayar da manufar ɗakin

Daga abin da aka tattara za a ga ko ɗakin natsuwa ake buƙata, ko ɗakin motsi, ko ɗaki mai duhu domin horar da ragowar gani. Idan wuri ya wadata a raba natsuwa da motsi a ɗakuna biyu, domin yaron da ya zo neman shiru ba zai same shi ba kusa da mai tsalle. Idan ɗaki ɗaya ne kawai, a raba da lokaci, kayan motsi su kasance masu cirewa a adana. A rubuta manufar a takarda guda, shugaban makaranta ya sa hannu, kuma a cikinta a bayyana ƙarara cewa ba a kai yaro ɗakin domin hukunta shi, ba a kulle shi a ciki, ba a kuma hana shi shiga don ya yi laifi. Na nace a kan wannan domin ranar da yaro ya fahimci cewa nan ne ake jefa shi idan malami ya gaji da shi, daga ranar ɗakin ya tashi daga aiki, komai tsadar abin da ke cikinsa.

Mataki na uku: zaɓen wuri

A nemi ɗaki a ƙasa, nesa da filin wasa da ƙararrawa da injin wuta da titin mota, amma ba can ƙuryar da babu mai wucewa ba, domin dole taimako ya iso da sauri idan yaro ya faɗi. Kusanci da banɗaki yana da amfani ƙwarai. Faɗin ƙofa ya kai kimanin santimita 90, kada a bar tudu a bakinta, a tsakiyar ɗaki kuma a bar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi inda keken guragu zai juya. A ƙofar a sa ɗan gilashi da za a iya hango ciki daga waje, wanda yake kare yaro yake kuma kare malami, kuma kada ta kasance mai kulluwa a kan wanda yake ciki. Magda Mostafa, masaniyar zanen gine-gine 'yar ƙasar Masar wadda ta yi fice wajen tsara wurare domin masu otizim, ta sanya wurin sauyi tsakanin hayaniya da shiru cikin ƙa'idojinta, kuma wannan abu ne mai sauƙin yi: ɗan lungu a bakin ƙofa mai benci, inda yaro zai cire takalmi, ya ga hoton abin da zai yi, ya numfasa kafin ya shiga.

Mataki na huɗu: a gyara ɗakin tun yana fanko

Nan ne ya kamata mafi yawan hankali da kuɗi su tafi, ko da yake shi ne sashen da baƙo ba ya gani. A shiga ɗakin babu kowa, a rufe ƙofa, a tsaya shiru na minti biyar ana saurare, sa'an nan a tafa hannu sau ɗaya a ji yadda sautin yake dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke cikin aji ta wuce desibel 35 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma amsa-kuwwa ta mutu cikin kimanin daƙiƙa 0.6, ɗakin ji da gani kuwa ya kamata ya fi aji shiru. Ana cimma haka da abubuwa masu shanye sauti: labule mai kauri, allunan soso da aka lulluɓe da yadi a bango, silin mai tsotse ƙara, da roba a gefen ƙofa don toshe kafa. Fankar da take ƙara ko na'urar sanyaya ɗaki mai ƙugi a gyara ta ko a sauya ta, domin yaro mai saurin ji ita zai yi ta saurare ba malami ba.

Game da haske, a cire dogayen fitilun nan irin na da, waɗanda suke ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa suna kuma ƙugi, a sa fitilu na zamani marasa ƙyaftawa waɗanda ake iya rage ƙarfinsu a hankali. Haske mai ɗumi-ɗumi, tsakanin kelbin 2700 da 3000 a ma'aunin launin haske, ya fi farin haske mai kashe ido dacewa da natsuwa, kuma ya fi kyau a haska bango ko rufi hasken ya dawo da kansa, saboda yara da yawa a kwance suke a wannan ɗaki idanunsu na kallon sama. Taga ta samu labulen da zai iya toshe hasken rana gaba ɗaya, amma kada a taɓa jefa yaro cikin duhu farat ɗaya. A shiga da haske, a rage shi sannu a hankali yana gani.

Bango ya kasance da launi guda mai laushi wanda ba ya sheƙi, ba tare da zane-zane ko hotuna ba. Daɓe ya zama marar santsi mai sauƙin gogewa, a shimfiɗa katifu masu rufin da ruwa ba ya ratsawa a inda ake kwanciya ko tsalle. A tabbatar iska tana shiga tana fita, a yi amfani da fenti marar wari, a bar ɗakin ya sha iska kwanaki kafin yara su shiga. Soket da wayoyi su kasance sama da inda hannun yaro zai kai ko a cikin akwati mai murfi, kowace na'ura kuma ta samu nata makunnin, a tara su wuri ɗaya kusa da ƙofa. Wannan shi ne sirrin ɗakin gaba ɗaya: asalinsa shiru ne babu komai, ana kunna abu ɗaya idan an buƙace shi, a kashe shi kafin a kunna wani.

Mataki na biyar: kaya da inda za a ajiye su

A kusurwar da ta fi nisa da ƙofa a yi maɓoya, ƙaramin tanti ko lungu mai labule da matasai, inda yaro zai shige amma babba yana iya ganinsa. A wani gefen a sa abin kallo guda ɗaya ko biyu. Bututun ruwa mai tashin kumfa da sauya launi shi ne ya fi shahara, kuma dole a ɗaure shi da bango da ƙarfe domin yara suna rungumarsa. Igiyoyin haske, waɗanda ba sa ɗauke da lantarki ko zafi a jikinsu, ana iya ɗora wa yaro a cinya ya yi wasa da su, sai dai akwatin da yake ba su haske a nisanta shi. Ga mai raunin gani, abu ɗaya mai haske a gaban baƙin yadi ya fi fitilu goma amfani.

Abin da ya fi kowane kaya muhimmanci shi ne babban makunni da yaro zai danna da kansa. A ɗauki misalin yarinyar da shanyewar gaɓoɓi ta hana ta magana da riƙe cokali, wadda duk yini wasu ne suke ɗaga ta suna ajiye ta. An sa mata faffaɗan makunni a ƙarƙashin hannu, hannun ya sauka a kai ba da niyya ba, ruwan bututu ya koma ja. Ta dubi bututun, ta dubi hannunta, ta daɗe shiru, sa'an nan ta sake dannawa. A wannan dannawa ta biyu ta gane cewa ita ma tana iya sa abu ya faru, kuma daga nan ake gina zaɓi tsakanin abu biyu, daga zaɓi a gina hanyar sadarwa. Aikin malami a lokacin shi ne ya yi haƙuri ya jira, kada ya kama hannunta ya danna mata.

Domin taɓawa, a kafa allo a bango daidai tsayin mai zama a keke, a manna masa yadi mai laushi da soso da igiya da katako mai santsi, a ajiye sauran ƙananan kaya a akwatuna masu murfi da hoto a jiki. Lilli Nielsen, masaniyar ilimin makafi 'yar ƙasar Denmak, ta yi amfani da siririn allon katako da aka ɗaga kaɗan daga ƙasa, wanda idan yaro ya kwanta a kai yana jin ƙara da girgizar kowane motsinsa. Duk wani kafinta yana iya haɗa shi cikin yini guda, amfaninsa kuwa ga yaron da ba ya gani ba ƙarami ba ne. Ga masu neman motsi a tanadi babbar ƙwallon zama, da tulin matasai da za a faɗa a kai, da bututun yadi na rarrafe, da kaya masu ɗan nauyi na ja da turi, domin aikin da yake sa tsoka ta yi ƙarfi yakan kwantar da yara da yawa. Ƙamshi kuwa kada a fesa shi a ɗaki, saboda ba a iya kashe shi kamar fitila kuma yana tayar da asma. A sa shi a ƙaramar kwalba mai murfi, wanda yake so ya shinshina.

Mataki na shida: tsaro

Lilo yana buƙatar kulawa ta daban. Kada a rataye shi a silin sai injiniyan gini ya duba ya tabbatar wurin zai ɗauki nauyin da fizgar motsi. Idan babu tabbas a yi amfani da firam mai tsayawa da ƙafafunsa, a bar fili ta kowane ɓangare, a shimfiɗa katifa a ƙasa. Kaɗawa gaba da baya a hankali tana kwantarwa, juyawa kuwa tana da ƙarfi sosai kuma tasirinta yakan bayyana bayan an sauka, saboda haka da an ga fuska ta sauya, ko gumi, ko hamma, ko tashin zuciya, a tsaya nan take. Wasu yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take kuma jinkirta girma da koyo, suna da rauni a mahaɗin ƙashin wuya na sama, don haka ba a sa su tsalle ko ƙundumbala sai da izinin likita.

Haske mai walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa yana iya tayar da farfaɗiya ga wasu, kuma ba ni ganin wani dalilin ajiye irin wannan fitila a ɗakin ko kaɗan. Bargo mai nauyi ma ana yi masa kallon abu marar haɗari, amma a shekarar 2008 wani yaro ɗan shekara tara mai otizim ya rasu a wata makaranta a lardin Kwibek na Kanada bayan an nannaɗe shi a cikin irinsa. Ƙa'idar ita ce ba a nannaɗe yaro, ba a rufe masa kai ko wuya, dole ya iya ture bargon da kansa, babba yana kallonsa, kuma na ɗan lokaci ne. Ƙananan batura masu kama da maɓalli, da maganaɗisu, da ƙwayoyin roba masu kumbura a ruwa kada su shiga ɗakin, domin haɗiye su yana iya kisa. Maganaɗisu mai ƙarfi kuma yana iya sauya saitin wasu bututun da ake sa wa masu taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Yara masu larurar tsagewar ƙashin baya tun haihuwa sun fi saura yawan rashin jituwa da ɗanyar roba, don haka a guji balan-balan da safar hannu irin tata. Madubi ya zama na roba marar fashewa, hanyar fita kuma ta kasance a buɗe koyaushe.

Mataki na bakwai: manyan da za su riƙe ɗakin

A naɗa mutum ɗaya mai alhakin ɗakin, kuma duk wanda zai shiga da yaro a horar da shi a kan na'urori, da alamomin cewa abu ya yi wa yaro yawa, da abin da ake yi idan farfaɗiya ta tashi. Alamomin sukan zo a ɓoye kafin kuka: kawar da ido, saurin numfashi, sandarewar jiki, dariyar da ba ta tsayawa. A fara da minti biyar zuwa goma, a ƙara a hankali zuwa ashirin ko talatin, yaro ɗaya ko biyu a lokaci guda. A sa wa kowane yaro lokacinsa a jadawali kafin sa'ar da aka san yakan rikice, maimakon a jira sai ya fashe, a kuma ba shi kati mai hoto da zai miƙa idan yana son zuwa. Kowane zama ya buɗe da abu iri ɗaya ya rufe da abu iri ɗaya, a sanar da yaro saura minti biyu, a ƙara haske sannu a hankali, a koma benci a sa takalmi. A cikin ɗakin malami ya rage magana ya kuma sassauta murya, domin muryarsa ma sauti ce.

Mataki na takwas: rubutu da bita

Kowane yaro ya samu takarda mai manufa ɗaya ko biyu da za a iya aunawa, kamar ya danna makunni da niyya sau biyar, ko ya zauna a aji minti goma bayan fitowa. Bayan kowane zama a rubuta layi uku: yadda ya shiga, abin da aka kunna, da yadda ya kasance rabin sa'a bayan komawarsa aji. A ƙarshen kowane zango a zauna da iyaye a duba takardun. Abin da ya yi amfani a kai irinsa cikin aji, ko da abin toshe kunne ne ko sauya masa wurin zama nesa da taga, abin da bai yi ba a cire shi daga ɗakin. Ana goge kayan da aka taɓa ko aka kai baki bayan kowane yaro, ana duba igiyar lilo da ƙugiyarsa da wayoyi kowane mako, ana sauya ruwan bututu bisa umarnin kamfanin da ya ƙera shi, kuma duk na'urar da ta lalace a fitar da ita a ranar, a rubuta kwanan wata a littafin ɗakin.